Da Yayana a Aljihu Na Tafi Kano

Tun da na dawo, duk wanda ya leƙo shagon ɗinkina a Bungudu sai ya ce, "Sani, ya Kano? An ce ka haɗo wa su Baba kwamfuta da hannunka." Wasu so suke su ji ko ta yi araha, don su ma su yi wa nasu iyayen. Wasu kuwa hira kawai suke nema. Nakan ce lafiya lau, in ci gaba da taka keke. To amsar ta gaji da fitowa daga bakina, kuma ba ita ce gaskiya ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, wanda ya sake tambaya in miƙa masa. A sakandare karatuna ya tsaya, saboda haka a yi haƙuri da yadda zan faɗe shi.

Sai na fara da abin da ya tashe ni.

Yayana Lawali malamin gona ne. Shi ne ɗan fari a gidanmu, ni ke bi masa. Bara ya rasu a kan hanyar Tsafe, yana dawowa daga aiki. Ba zan faɗi yadda abin ya faru ba, duk mutumin ƙasar nan ya san irinsa. Ba a sami wayarsa ba. Shi kuma mutum ne da a kowane taro shi ke riƙe da waya yana ɗaukar jama'a, don haka da muka nemi hotonsa babu, sai na katin aikinsa, ɗan ƙarami kamar kan sarki, ya ɗaure fuska kamar ba shi ba.

Amma yana da kwamfutar tafi-da-gidanka. Yakan jingine waya a kan kunya ya ɗauki kansa yana bayani, yadda ake ba masara tazara, lokacin da ake sa taki, yadda ake gane tsutsa tun ba ta yi ɓarna ba, sannan ya zuba a kwamfutar ya riƙa nuna wa manoman Nahuce da Wanke da Ruwan Bore. Ranar da matarsa ta fita takaba za ta koma gidansu, ta kawo mini ita a cikin zane. Ta ce, "Ta daina kunnuwa. Amma yana ciki."

Inna ba ta taɓa kiran sunan Lawali ba. Kunyar ɗan fari ce, irin ta mutanen da. "Yayanku" take cewa. In ya shigo gida ya durƙusa gaisuwa, sai ta juya wajen tukunya ta amsa. Ko a zaman makoki ban ga hawayenta ba. Wata rana da hantsi tana tsince wake, ba ta ɗago ba, ta ce, "Anka ce yayanku na cikin abin can shina magana."

Na ce, "Haka ne, Inna."

Ta ce, "Idona ba ya ganin na waya."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan, ni kuma na gane. Baba ma ya daɗe yana son abin da zai riƙa jin karatun Alƙur'ani da shi, ya kuma ga rubutu manya-manya. Sai na ƙudura zan haɗa musu kwamfuta ta tebur, mai babban allo, wadda ba ta fi ƙarfina ba.

Na fara zuwa Gusau wajen Emeka, mai gyaran kwamfuta, wanda ya daɗe a garin har ya fi wasunmu iya Zamfarci. Ya kwance ta Lawali, ya shinshina, ya girgiza kai.

"Malam Sani, wagga ta ƙone. Ko ka kai ta Makka ba ta tashi."

Amma ya zaro wani ƙarfe daga cikinta, bai kai tafin hannu ba. Ya ce sunansa had-dis, shi ne rumbun, duk abin da aka ajiye yana nan. Ya haɗa shi da tasa kwamfutar. Sai ga Lawali a tsakiyar masara da malafa a kansa, yana dariya, yana cewa, "Jama'a, ku matso ku duba nan."

Na ce, "Rufe."

Ya rufe. So nake Inna ta riga ni gani.

Emeka ya ce in sayi wani rumbun ya kwafe mini komai, in ajiye a gida kafin in tafi. Da ya faɗi kuɗinsa sai na ga ya kusa cinye abin da na ware wa allo. Na ce a'a, ai wannan ɗin zan sa a cikin sabuwar, na huta da sayen wani. Ya dube ni, bai yi musu ba. Ya yago bayan kwali ya rubuta mini abin da zan nema: madabod na hannu, wato faifan da ake maƙala komai a kansa, da ƙwaƙwalwarsa, da ram mai taimaka mata gudu, da tukunyar wuta, da akwatin da za a zuba su, da allo, da kibod, da maus, da 'yar lasifika.

"Kada ka yarda su sayar maka da mai ƙarfi. Su Baba ba tseren mota za su yi ba. Ka tafi Kano, can kayan hannu sun fi sauƙi." Har na kai ƙofa ya sake kirana. "Ka gaya musu akwai kaya a ciki. Da bakinka za ka gaya musu."

Na ce to.

A shago na naɗe rumbun a ƙyallen shadda, na ɗinka wa rigata aljihun ciki mai zif, daidai ƙirji. Ranar tafiya Baba ya yi mini addu'a a zaure. Inna ta ba ni hoce, gurasar dawa irin tamu, a leda, ta ce, "A sauka lahiya," ta koma ɗaki.

A tashar Gusau mun cika mota tun da sassafe, amma ba mu tashi ba. Yanzu direbobi ba sa fita su kaɗai, sai rana ta ɗaga, motoci sun taru, a bi juna kamar jerin tururuwa. Direbanmu, Ɗan'asabe, mutum ne mai baki. Akwai wata Hajiya kusa da ni da bokitin daddawa za ta kai wa ɗiyarta, shi kuwa ya sa ta gaba.

"Hajiya, wanga kaya naki sai kin biya mashi kujera. Tun ba mu tashi ba ya riga mu isa Funtuwa."

"Kai dai ja mota, marar kunya. Da ita anka yi miyar da ta ƙosa ka."

Aka yi ta dariya har muka fita gari. Da muka wuce Kwatarkwashi sai dariyar ta ƙare da kanta. Ɗan'asabe ya kashe rediyo. Masara ta yi tsawo a dama da hagu, kore shar, ba ka ganin abin da ke bayanta. Kowa ya kama carbi ko ya kama bakinsa. Na san wurin, an nuna mini shi sau ɗaya: wani kwalbati ne da itacen tsamiya a gefensa. Babu wata alama. Awaki biyu ne ma ke kiwo a wurin. Ban san na dafe ƙirjina ba sai da Hajiya ta taɓa ni.

"Ɗana, in kuɗi na ka dahe haka, ai ka tona musu asiri."

"Ba kuɗi ba ne, Hajiya."

"To mi?"

Ta dube ni, ta ɓallo goro ta miƙo mini, ba ta ƙara tambaya ba.

A Tsafe taya ta yi faci. Muka sauka aka gyara, na sha fura a tsaye. Daga nan sai 'Yankara, inda Zamfara ta ƙare Katsina ta fara. Ba ƙofa ba ganuwa, sai shinge da buhunan yashi, aka leƙa mu aka ce mu wuce. Amma an yi nisa kafin mutane su saki jiki. Sai da muka hango Funtuwa aka fara ciro wayoyi, kowa yana cewa, "Mun wuce, mun wuce." Ɗan'asabe ya kunna rediyonsa ya koma kan daddawar Hajiya.

Da yamma muka shiga Kano. Na sauka wajen Isiya, ɗan unguwarmu da ke sayar da hatsi a can, a ɗaki ɗaya cikin gidan haya mai mutane da yawa. Ya sayo mini gurasa da ƙuli da mai, na ciro hocen Inna muka haɗa. Abin da na fara lura da shi a Kano shi ne gaisuwa. Mu a gida sai ka tambayi mutum gida da iyali da gajiya da ruwa kafin ka faɗi abin da ya kawo ka. Su kuwa "sannu" ɗaya, an wuce wurin. Na biyu kuma, da zarar na buɗe baki na ce "munka" a maimakon "muka," sai a yi murmushi a ce, "Daga Zamfara? Kai, ya hanya? Wai da gaske ne abin da ake faɗa?" Mai shayi ya tambaye ni, mai adaidaita ya tambaye ni, maƙwabcin Isiya ya tambaye ni. Ba da mugunta suke yi ba. Labari suke so, kamar yadda ake tambayar wanda ya dawo daga kallon dambe. Kafin in kwanta na riga na gaji da tambayar.

Kashegari Isiya ya raka ni bakin kasuwar 'yan waya da kwamfuta ya koma wajen sana'arsa. Ban taɓa ganin wuri irinsa ba. Tun daga ƙofa dillalai suka yi mini caa, wannan ya ja hannun riga, wancan ya karɓe kwalin Emeka yana karantawa da ƙarfi.

"Alhaji, wannan ai kayan tsofaffi ne aka rubuta maka! Zo in ba ka mai gudu."

Na ce ai tsofaffin zan saya wa. Na karɓe kwalina.

Na yi yawo rumfa rumfa. Allon farko da na saya, da aka gwada shi a wata rumfar sai ga wani layi ja ya ratsa shi daga sama har ƙasa. Na koma, mai shi ya rantse ba a wajensa na saya ba, sai da maƙwabcinsa ya ce, "Haba, ji tsoron Allah, a gabana ya biya ka," sannan ya canza mini. Ram ɗin da na fara ɗauka bai shiga raminsa ba, aka sake. Akwatin kuwa na samu wani mai lotsawa a gefe, aka rage mini saboda lotsawar. Duk inda na rage wani abu sai in ji daɗi, in ce lallai na iya ciniki.

Wajen ƙarfe goma sha biyu aka nuna mini teburin Injiniya Kabiru, wanda zai haɗa. Mutum ne mai fara'a, waya a maƙale tsakanin kunne da kafaɗa, yana yi wa mutum huɗu aiki a lokaci ɗaya. Da ya ji ni tela ne sai ya miƙo mini sukudireba.

"To ai hannunka ya saba da ƙananan abubuwa. Ɗaura da kanka, ka je ka yi wa tsoho alfahari."

Ni na ɗaure madabod a akwatin, noti shida. Ni na danna ram har ya yi ƙas. Ya nuna mini inda kowace waya take shiga, na soka. Wannan shi ne "da hannunka" da ake ta faɗa a Bungudu, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗinsa a lokacin. Na roƙe shi ya zuba wa Baba karatun Alƙur'ani cikakke. Ya ce har tafsiri zai ƙara masa kyauta, mai hoto, na azumi da yawa.

Sannan na zuge zif na ciro ƙyallen.

"Wannan ma a sa."

Ya juya shi. "Naka ne?"

"Na yayana ne."

"Yana aiki?"

"Yana aiki."

"Shi ke nan, ka huta da sayen sabo."

Maganar Emeka tana kan harshena. Wallahi tana kan harshena. Amma akwai mutum biyar a bakin teburin, biyu suna musun ƙwallo, ɗaya yana cin gyaɗa. In na ce akwai kaya a ciki, za a ce wane kaya. In na faɗa, za a ce ina mai shi. Daga nan sai a ina, sai yaushe, sai wai da gaske ne abin da ake faɗa. Zan tsaya a tsakiyar kasuwa in baje Lawali kamar haja. Sai na ce wa raina ai ba sai na faɗa ba. Mu a wajen ɗinki, in mutum ya kawo tsohuwar riga a gyara masa, ba ka sa almakashi sai ka tambaye shi. Na ɗauka kowace sana'a haka take.

Aka kira azahar. Kabiru ya ce, "Je ka yi salla ka ci abinci. Aikin zai ɗan ja, kafin la'asar na gama zuba mata komai."

Na tafi. Na yi salla, na sami wata rumfa na ci garau-garau da mai da yaji. Ya yi daɗi, har na ƙara. Na zauna a inuwa na huta, ina tunanin inda zan sa tebur a ɗakin Inna. Har yau ban manta na ƙara abincin nan ba.

Da na dawo allon yana haske, lasifika tana karatu a hankali. Kabiru ya buɗe hannu.

"Ga ta nan, angon kwamfuta! Na yi mata fomat, na wanke ta tas, na zuba sabon komai. Ji yadda take gudu."

Na ce, "Ina bidiyon?"

"Na tafsiri? Ga su nan, sun kusa cika ta."

"Na ciki. Waɗanda ke ciki."

Ya sauke wayar daga kunnensa. "Malam, akwai abu a ciki ne?"

Bai jira amsata ba, ya ci gaba.

"Ai duk rumbun da aka kawo mana a sa a sabuwar kwamfuta, gogewa muke fara yi. Haka aikin yake, kowa a layin nan haka yake yi. In akwai abu, mai shi ke faɗa. Don Allah me ya sa ba ka faɗa ba?"

Sai na faɗa. Duk abin da na ƙi faɗa a gaban mutum biyar, na faɗe shi a gaban fiye da goma, don an riga an taru. Na faɗi sunansa, na faɗi hanyar, na faɗi maganar Inna da idonta. Ba wanda ya tambaye ni ko da gaske ne. Mai cin gyaɗa ya zuba sauran a aljihu. Wani dattijo ya ce, "Allah ya jiƙansa," aka amsa.

Kabiru ya kashe karatun. Ya sallami sauran masu jira, ya ce su dawo gobe. Ya ce akwai wata dabara da ake tono abin da aka goge, amma in faɗa wa kaina gaskiya tun yanzu. Ya ce, "Kamar gona ce da aka sake yi wa huɗa aka shuka wani abu. Abin da ke gefe, inda garma ba ta kai ba, ana iya samu. Wanda sabuwar shuka ta hau kansa ya tafi." Rumbun ƙarami ne. Karatun da na roƙa da tafsirin da ya ƙara mini kyauta su suka hau kan Lawali.

Na so in ji haushinsa. Na nema, ban samu ba. Mutumin ya bar injinsa yana aiki har kashegari, ya ƙi karɓar ko sisi a kan wannan, kuma da na zo da safe ya kasa haɗa ido da ni. Bidiyo ko ɗaya bai buɗe ba. Hotuna ne suka fito, 'yan kaɗan, wasu rabinsu toka. Ya fara nuna mini: ganyen masara, buhun taki, kunya, tsutsa a kan ganye, wani ganyen kuma. Na ce ya isa. Ya tara su wuri ɗaya, ya rufe akwatin, ya ɗaure mini kwalayen da igiya da kansa, ya rako ni har bakin titi.

Saboda wannan jiran ban sami motar farko ba. Na biya kujera biyu, ɗaya tawa ɗaya ta allo, akwatin kuma a kan cinyata. Bayan Malumfashi ruwa ya sauko, tagar gefena ba ta rufuwa, na cire babbar rigata na lulluɓe kwalin. Wani fasinja ya ce, "Malam, kai ka jiƙe, kwali ya bushe?" Na ce haka nan. Aljihun da na ɗinka yana nan a ƙirjina, zif a zuge, ba komai.

A shingen 'Yankara wani jami'i ya ƙwanƙwasa kwalin ya ce mene ne. Na ce kwamfuta. Ya ce me ke cikinta. Na ce karatu ne da ganyen masara. Ya dube ni, ya ce mu tafi.

Mun iso Tsafe la'asar ta wuce. Direba ya kashe mota ya ce nan za a kwana, ba mai shiga hanyar Gusau a wannan lokacin, ko uwarsa ce ke naƙuda. Ba wanda ya yi gardama. Wani dattijo mai sayar da itace a bakin tasha, Malam Ummaru, ya ga ina rungume da kwalaye a jiƙe, ya ce in biyo shi. Ya shimfiɗa mini tabarma a zaurensa, aka kawo tuwon dawa da miyar sure, wato yakuwa. Bai tambaye ni daga ina ba sai da na wanke hannu. A nan na san na dawo gida.

Da ya tambayi abin da ke kwalin, na gaya masa duka. Yanzu bakina ya buɗe, lokacin da ba shi da amfani. Na ce ina tunanin in ce wa Inna abin ya lalace ne tun a Gusau, ko in ce sai an sake komawa Kano.

Ya ce, "Shirunka ya yi maka ɓarna sau guda. Kada ka ƙara mashi ƙarya. Ka hwaɗa mata tun ba ka kunna ba."

Da rana ta ɗaga muka bi jerin motoci. Na ga kwalbatin da tsamiyar. Wannan karon ban dafe komai ba.

A Gusau ban biya wajen Emeka ba. Har yau ban je ba.

Da na isa Bungudu maƙwabta suka biyo ni har tsakar gida, ana ta "sannu da hanya," ana shafa kwali. Baba ya sallame su da dabara. Na sa tebur a ɗakin Inna, na jona wayoyi da batirin sola da Lawali ya kafa musu tun yana raye. Inna ta zauna a bakin gado, ta sa sabon kallabi. Ban taɓa ganin ta sa sabon kallabi ba ranar da ba salla ba biki.

Na durƙusa. Na faɗa musu, ban rage ba, ban ɗora wa kowa ba. Na ce Emeka ya ce in kwafe na ƙi saboda kuɗi, ya ce in faɗa na yi shiru.

Baba ya yi salati. Ya ce, "Allah bai nuhwa ba." Ya tashi ya ɗauki butarsa ya fita, ko da yake lokacin salla bai yi ba.

Inna ba ta motsa ba. Can ta ce, "Kunna abin da ya rage."

Na kunna. Allon ya yi kyau, babba, ba layi. Na fara wucewa da hotunan ɗaya bayan ɗaya. Ganye. Buhu. Kunya da ruwa a kwance. Ganye mai huji. Tana kallo, hannayenta a kan cinya. Na ji kunya ta kama ni har ina sauri don a gama.

"Tsaya. Koma baya."

Na koma. Ganyen masara ne an juya bayansa don a nuna tsutsa. Ni tsutsar na gani. Amma a gefen hoton akwai hannun da ya riƙe ganyen, babban yatsa da rabin bayan hannu.

"Ƙara mashi girma."

Na ƙara, har hannun ya cika allon. A gindin yatsan akwai wani tabo mai sheƙi, kamar girman ƙwandala. Na san tabon tun ina yaro, ban taɓa tambayar asalinsa ba.

Inna ta sauko daga gado ta matso, har numfashinta yana taɓa gilashin. Ta daɗe. Da ta yi magana, ba da ni take ba.

"Shina rarrahe. Ina ganinai ya nuhi murhu. Uwar mijina na zaune tsakar gida da baƙi. Na ji kunyar in tashi in ɗauke shi gabansu. Na ce wani zai ɗauka."

Ta sa yatsa a kan tabon.

"Ba wanda ya ɗauka."

Ta ce, "Bar shi nan. Tahi ka ci abinci."

Na bar shi nan. Na sa hoton ya zama shi ne fuskar allon, da an kunna shi ke fara fitowa. Kwamfutar tana aiki lafiya, ba ta taɓa ba da matsala ba, kuma ba ta cin wuta. Baba yana jin karatunsa da hantsi, ya koyi danna maus da yatsa biyu. In ya gama ya fita, Inna takan shiga ta sakaya ƙofa. Har yanzu ba ta kira sunansa ba.

Masu son su yi wa nasu iyayen, kwalin Emeka yana nan a shago, ku zo ku kwafa. Ku ƙara abu ɗaya a ƙasa: sabon rumbu. Masu tambaya ko ta yi tsada kuma, a'a, ba ta yi ba. Duk wanda ya gan ta ya ji abin da na biya, sai ya ce lallai Sani ya iya ciniki.